Kumfa a Ruwan Tasili

"Wannan ne?"

Hajiya Zubaida ta sauke tabarau zuwa kan hanci, ta bi mutumin da ke ɗaure wa jaki kaya da kallo tun daga rawani har takalmin roba, sannan ta juyo ga 'yarta.

"Saboda wannan Buzun kika kori likitoci da injiniyoyi, Wasila?"

"Yemma," haka take kiran mahaifiyarta, "don Allah a hankali, yana jin ki..."

"Ya ji mana! Ƙarya na yi masa?"

Wasila ta ciji leɓe, zuciyarta na tafasa. Shekara uku tana aiki da kamfanin da ke kai masu hutu yawon ƙafa, daga duwatsun Jurjura masu ƙanƙara har rairayin kudu, kuma a saman tsaunin Tasili ta haɗu da Bahedi, jagoran hanya ɗan garin Janet. Mahaifinta ya rasu, don haka maganar aure a bakin Hajiya take, ita kuwa ta rantse ba za ta amince ba sai ta gani da idonta. Ta zo gani ɗin, amma ba ita kaɗai ba. Ta taho da Rafik, ɗan aminiyarta, mai shagunan magani a birnin Aljas.

Shi Rafik abin kallo ne. Takalmi sabo fil, sanda biyu kamar mai ciwon ƙugu, ga agogon da ke ƙirga masa bugun zuciya. Tafiyar awa ɗaya, hoto arba'in. Wasila ko kallonsa ta yi sai ta ji kamar ta tofar da yawu.

"Gimbiya, kawo jakarki in riƙe miki."

"Riƙe numfashinka tukuna," ta ce, ta wuce.

Kwana uku suna tafiya tsakanin duwatsu, ayarin mutum tara da jakuna shida. Ruwa da awo ake ba kowa, na sha da na girki, wanka kuwa sai dai a goge jiki da tsumma. A nan Rafik ya samu abin yi. Kullum yana gefen Hajiya yana zuba mata magana a kunne, da muryar da kowa zai ji.

"Hajiya, kwana uku ban ga mutumin nan ya taɓa ruwa ba. Salla ma da taimama yake yi! Rowa ce kawai da ƙazanta. Wannan za a kawo miki falo?"

Hajiya ta yamutsa fuska. Ko shayin da Bahedi ya dafa ba ta karɓa daga hannunsa, sai an ajiye mata a ƙasa.

Wasila ta cimma Bahedi a gaban ayari, idonta ya kawo ruwa.

"Ka yi magana mana! Suna taka ka kana shiru..."

"In ce me, sanyin idona? Jakin nawa ne, rawanin ma nawa ne. Ba su yi ƙarya ba."

"Idan ta ce a'a fa, Bahedi?"

Ya gyara igiyar jakinsa. "To a'a ce. Ba zan raba ki da mahaifiyarki ba."

Maganar ta soke ta, don ta san ba wasa yake ba.

Rana ta huɗu da hantsi ya sanar cewa gelta na gaba kaɗan, kwarmin dutsen da ke riƙe ruwan sama, kuma nan za su cika jarkoki na kwana biyu. Jin haka sai Rafik ya duba taswirar wayarsa, ya saɓa jaka, ya yi gaba da sauri, wai zai nuna wa Hajiya cewa ba sai da mai jan jaki ake samun ruwa ba.

Ƙamshin ne ya fara tarbar su.

Ƙamshin lemo, a tsakiyar hamada!

Wasila ta ƙara sauri. Da suka zagayo dutsen, ga Rafik zaune ya harɗe, gashi a taje, tawul a wuya, yana sheƙi kamar ango. Bayansa kuwa ruwan geltar ya yi fari fat, kumfa na yawo har baki.

"Barkanku da isowa! Na riga jagora! Hajiya, yau dai kin ga bambancin ɗan birni da..."

Jakin farko ya miƙa baki, ya shinshina, ya kau da kai. Na biyu ma haka.

Bahedi ya durƙusa, ya taɓa kumfar da yatsa. Bai ɗaga murya ba.

"Wannan ruwan ba ya gudu. Sai an yi ruwan sama zai wanku, wata takwas ko shekara. Gida uku na makiyaya nan suke sha."

"Haba! Ɗan sabulu?" Rafik ya yi dariya. "Ruwan da awaki ke tsoma baki?"

Wasila ta buɗe baki za ta wanke shi tas, sai ta ji an riga ta.

"Rufe mana baki!"

Hajiya ce. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Ka yi wanka a ruwan shan mutane? Da sabulu?"

"Hajiya, ai ni tsafta..."

"Tsaftar banza! Ni da kake gani, kafin Aljas da falo, a ƙauyen dutse na tashi. Ina shekara tara nake hawa da tulu a baya, awa biyu zuwa, awa biyu dawowa. A garinmu matar da ta kai sabulu bakin idon ruwa, shekara guda ba mai cin abincin hannunta. Kai ga ka da gemu da digiri, jaki ya fi ka sanin abin da ya kamata!"

Wasila ta saki baki. Shekara ashirin da bakwai tana tare da matar nan, ba ta taɓa jin zancen tulu ba.

Bahedi bai tsaya kallon faɗa ba. Ya jera duwatsu a bakin hanya yadda duk makiyayin da ya gani zai san ruwan ya ɓaci. Ya ciro gorarsa, sauran ruwansa ke nan, ya ajiye a ƙasa gaban Hajiya kamar yadda ta saba karɓa. Sannan ya kora jakuna biyu da jarkoki.

"Akwai wata rijiya, awa uku. Ku zauna a inuwa."

"Ba ruwa za ka tafi?" Wasila ta riƙe bakin rigarsa.

"Na saba, sanyin idona."

Hajiya ta bi bayansa da kallo har ya ɓace. Sai ta ɗauki kwanon girki ta wurga wa Rafik.

"Tashi ka kwashe kumfarka. Agogon ya ƙirga maka."

Haka ya wuni a durƙushe, sabon takalmi cikin laka, ba wanda ya ce masa sannu.

Bayan la'asar sakaliya Bahedi ya dawo, leɓɓansa sun tsattsage, jarkoki cike. Ya shayar da jakuna, ya zagaya baƙi ɗaya bayan ɗaya, sannan ya cika kofi ya sunkuya zai ajiye wa Hajiya a ƙasa.

Ta miƙa hannu ta karɓa.

Ba ta sha ba. Ta mayar masa.

"Sha."

"Hajiya, ke ce..."

"Na ce ka sha, mai jaki! Musu za ka yi da ni tun yanzu?"

Ya sha. Wasila ta rufe fuska da mayafi, hawaye na zuba, don tsoro take kada ta fassara abin da ba haka ba.

"Manyanka sun san hanyar Aljas," Hajiya ta tambaya tana mayar da tabarau, "ko su ma sai an tura musu jagora?"

"Sun sani, Hajiya..." Ya sunkuyar da kai.

"Yemma!" Wasila ta faɗa jikinta tana kuka tana dariya.

"Ɗaga ni, duk kin yi warin jaki." Ta juya ga Bahedi, ta sake binsa da kallo daga sama har ƙasa. "Kai kuma ka wanke rawanin nan kafin ka shigo mini falo. A gida! A famfo!"