Usur a Lungun Injin Niƙa

Tun da mijinta ya rasu, mai gasa burodi take fita aiki kafin asuba ita kaɗai, da goyo a bayanta. Ko tsoro ya daina zuwa mata. Abin da yayanta maigadi ya koya mata kawai take yi, kamar mai tilawa: tocila a hannun hagu nesa da jiki, garin barkono a dama, usur a wuya.

A lungun bayan injin niƙa ta ji taku yana bin nata. Ta juya wa bango baya, ta dalle mutumin da haske a ido.

Dattijo ne da riga fes, yana ƙamshin ƙasar da aka yi wa yayyafi. Bai ƙifta ba, bai kare fuska ba.

"Sannu 'yata. Goyon nan ya yi miki nauyi. Kawo in taya ki."

"Baba, tsaya daga nan," ta ce, muryarta ba hawa ba sauka.

Ya matso. Ta watsa masa barkonon. Garin ya sauka a kan ƙwayar idonsa ya zauna, kamar ƙura a kan faranti.

Sai ta sa usur a baki ta busa iya ƙarfinta. Shiru, ko iska ba ta fita ba.

Dattijon ya buɗe baki a hankali. Daga can cikin maƙogwaronsa ƙarar usur ɗin ta fito.