Baƙin Tabon da Mai Hoto Ya Goge

"Ina tabon?!"

Yadda muryarta ta cika shagon sai da Mai Hoto ya saki almakashin da ke hannunsa.

"Wane tabo kuma, Dakta?"

"Baƙin tabon da ke tsakiyar hoton nan! Ina ka kai shi?"

Bawan Allah sai ya washe baki, irin na mai jiran yabo. "Au, wannan dattin? Ai na goge shi tas, masoyiyata. Awa biyu na yi ina cike wurin da taurari. Dubi yadda ya fito fes!"

Innalillahi! Ta zube a kan kujerar da amare ke zama a ɗauke su hoto.

Shekara shida ke nan tana bin wannan tabon. Aikinta shi ne binciken yadda ake haihuwar taurari a cikin babban gungun da duniyarmu ke ciki. Abin da mijinta ya kira datti, gajimare ne na ƙura da iska mai tsananin sanyi, ya yi kaurin da ya tare hasken da ke bayansa. A cikin wannan duhun sababbin taurari ke dunƙulewa.

Yau kuma da ƙarfe biyu kwamiti zai zauna. Mutum ɗaya tak za a zaɓa ya je ya yi shekara guda a babban madubin hangen taurari da ke kan dutse, wanda ke iya leƙa cikin ƙurar. Kowa zai manna babban hotonsa a allo ya kare aikinsa. Ita ga nata nan, kyakkyawa, ba komai a ciki.

"Sake bugawa! Yanzu!"

Ya sosa ƙeya. "Babbar takardar... wannan ce ta ƙarshe."

Nan zuciya ta ɗebe ta. Maganar Yaya ta makon jiya ta faɗo mata: uwa na kwance da shanyewar ɓarin jiki, ke kina zancen sama!

"Yaya ne ya sa ka, ko? Da ka fito fili ka ce kar in je, da ya fi min sauƙi! Sai ka bi ta bayan fage ka kashe min aiki?"

Murmushin ya mutu a fuskarsa.

"Ni, Dakta?"

Ya zari makullin babur ya fita.

Tana kuka ta naɗe hoton, tana kuka ta isa gida. Umma na zaune a keken guragu kusa da taga, bakinta a ɗan karkace kamar yadda ciwon ya bar shi.

"Wa ya mutu?"

"Aikina, Umma..." Ta durƙusa ta zayyane mata komai, har da abin da ta faɗa masa.

Umma ta dube ta. Sannan ta nuna gado da hannunta mai lafiya. "Ɗaga matashin nan."

Wani ƙaramin littafi ne. A bangon, da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza, an sa: Idan Dakta ta tafi.

Ta buɗe shi. Lokutan magani, wanne kafin abinci, wanne bayansa. Yadda ake motsa yatsun Umma sau goma-goma. Lambar nas ɗin da za ta riƙa zuwa yi mata wanka. Har da zanen falo, inda zai ajiye kwamfutarsa ya dawo da rabin aikin shago gida.

"Wata guda yana zuwa da rana yana koyo, ke kina can kanki a sama." Umma na jan maganar a hankali. "Shi ya tare yayanki a ƙofar nan. Ya ce masa ni ma uwarsa ce, kuma ko da rarrafe sai kin je."

"Wayyo Allah, Umma..."

"Shekara nawa yana goge ƙuraje a fuskar mutane? Ni kaina da ya ɗauke ni hoton katin asibiti, sai da ya miƙe min baki, har likita ya kasa gane ni! Hannunsa ba ya ganin tabo ya ƙyale." Ta numfasa. "Ke fa? Kin taɓa zaunar da shi kin nuna masa abin da kike nema a saman?"

Sau nawa yana leƙo kafaɗarta da kofin shayi yana tambaya, tana cewa, ba za ka gane ba? Kunya ta rufe ta, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ta kira shi ya fi sau goma, bai ɗauka ba.

Biyu saura kwata tana tsaye a zauren da kwamitin zai zauna, ta manna gogaggen hoton don ba ta da wani. Sauran masu neman gurbin sai satar kallo suke yi. Wani ma cewa ya yi, "Kai, naki ya yi kyau!" Kamar ta kurma ihu.

Sai ga ƙofa ta buɗe.

Mai Hoto ne, jiƙe yake sharkaf da gumi, tawada har a goshi, ya rungume doguwar takarda a ƙirji kamar jariri.

"Shago huɗu na zaga kafin na samu," ya faɗa yana haki, bai yarda sun haɗa ido ba. "Duba ki gani. Ban taɓa masa komai ba."

Ta warware. Ga tabonta nan, baƙi ƙirin, mummuna, daram a tsakiya. Ba ta taɓa ganin abin da ya kai shi kyau ba.

"Ka yafe min, mijina... don Allah ka yafe min. Na ga littafin."

"Umma ta tona ni ke nan!" Ya share goshi, ya ƙara damalmala tawadar. "Bari in cire wancan na banzan."

"Bar shi. Zauna nan gaba, yau kai zan yi wa bayani."

Ta manna su gefe da gefe. Da shugabar kwamitin ta ba ta dama, ta nuna na farko.

"Wannan mijina ne ya gyara shi, saboda yana so ya ba ni sama marar aibi. Haka mu ma muka daɗe muna yi, muna kallon inda ke haske muna tsallake duhu." Ta matsa ga na biyu, ta ɗora yatsa a kan tabon. "Amma duk tauraron da kuke gani, a irin wannan wurin aka haife shi. Har ranarmu. A nan ciki akwai aƙalla guda arba'in da ba su buɗe ido ba tukuna. Ku ba ni shekara ɗaya in ƙirga muku su."

Daga kujerar gaba aka ji wani ya ce, "Arba'in?! Ni na goge arba'in?"

Zauren ya kwashe da dariya, har shugabar sai da ta cire tabarau ta share ido.

Bayan kwana tara takarda ta iso. Ita aka zaɓa! Umma ta yi ta hamdala, Yaya kuwa ya bugo waya yana ƙunƙuni, a ƙarshe dai ya ce Allah ya tsare hanya.

Ranar tafiya, a bakin mota, Mai Hoto ya miƙa mata ambulan.

"Kar ki buɗe sai kin yi nisa."

Ina! Ko kwanar layinsu ba a sha ba ta farke shi.

Hotonsu ne shi da Umma a bakin taga. Bakin Umma a karkace, tana dariya da iya rabin da ke motsi. Shi kuma ga furfura ta fara leƙowa, ga baƙin gajiya a ƙarƙashin idanunsa, wanda sai yau ta lura da shi. Gajiyar shekara shida ce, kuma ta san don wa aka yi ta.

Ta juya bayan hoton.

"Hasken idona, wannan karon ban goge komai ba."

Ta manna shi a ƙirji, hawaye na zuba, bakinta bai daina cewa Alhamdulillahi ba.

"Hajiya, lafiya?" direban ya tambaya. "Ko mu koma?"

"Lafiya lau," ta ce tana dariya cikin kuka. "Mu je. Na bar gida a hannu nagari."