Tuwon Gidan Maƙera

A garin Garwa, a zamanin mulkin Shugaba Ahijo, akwai wata yarinya 'yar aji huɗu a makarantar mishan. Tana da ƙoƙari a karatu, amma fa bakinta ya fi hankalinta sauri. Magana ba ta kwana a cikinta.

Iyayenta Kirista ne. Sun sauko daga duwatsun Mokolo tun kafin a haife ta. Kakarta ma ta biyo su, sai dai zuciyar tsohuwa tana can kan dutse.

Kullum da ƙarfe goma yarinyar da ƙawayenta, Ummi da Yvette, sukan zauna a gindin darbejiya. Kowa ta juye abin da ta kawo a tasa ɗaya. Wannan ƙosai, waccan dafaffen rogo, ɗayar gyaɗa. Da wata baƙuwa mai suna Clémentine ta shigo ajinsu, sai suka matsa mata ita ma. Sati uku suna ci tare lafiya lau.

Ran wata Lahadi, bayan an tashi daga majami'a, Kaka ta hango mahaifin Clémentine. Ta dafe ƙirji.

"Wannan ai Zacharie ne, ɗan gidan maƙera," in ji ta.

"To mene ne, Kaka?" yarinyar ta tambaya.

"Ke yarinyar birni ba ki san komai ba. A kan dutse maƙera ne ke ƙera fartanya, su ne kuma ke ɗaukar gawa su binne. Ba a cin abinci tasa ɗaya da su. Wanda ya ci tuwon gidansu, cikinsa ya kumbura."

Yarinyar ta shafa cikinta. Yini guda tana shafa shi.

Ran Litinin an juye abinci kamar kullum. Clémentine ta miƙa hannu. Sai yarinyar ta janye tasar.

"Kada ki taɓa. Ke 'yar maƙera ce. Babanki gawa yake ɗauka."

Ta faɗe shi da ƙarfi, har 'yan aji biyar suka ji. Yara kuwa kun san su, kamar kaji ne in an watsa tsaba. Nan da nan suka taru suna dariya.

Clémentine ta goge hannunta a jikin riga, ta tashi ta tafi.

Ummi ma ta miƙe. "Kakana maƙeri ne a Marwa, kuma Musulmin kirki ne. Kowa na gaishe shi da girma. In hannun maƙera ƙazanta ne, to ni ma na cire nawa."

Ta kwashe ƙosanta. Yvette ta dubi wannan, ta dubi waccan, ta ɗauki gyaɗarta ta bi Ummi. Aka bar yarinyar ita da rogo, ga shi ba mai, ba yaji.

Ran Talata wurin zaman Clémentine babu kowa. Ran Laraba ma haka. Yarinyar ta kasa zama wuri ɗaya. Ta dubi ƙofa, ta dubi allo, ta sake duban ƙofa. Lissafin da take ci kamar ruwa, ranar sai da ta ɓata guda shida.

Ran Alhamis Malam Gaston, malamin ajinsu, ya shigo fuska ba walwala.

"Mahaifin Clémentine ya zo ya karɓi takardunta," in ji shi. "Ran Asabar za su hau motar Mokolo. Ƙauyensu babu makaranta, karatunta ya ƙare ke nan. Na tambaye shi dalili, ya ƙi faɗa. Wanda ya san dalilin, ya san kansa."

Bai kalli kowa ba. Amma yarinyar ji ta yi kamar ajin duka ita yake kallo.

Da ta koma gida ta kasa cin abinci. Ta shiga ɗaki, ta fito. Ta ɗauki tsintsiya, ta ajiye. Ta je bakin randa, ta manta abin da ya kai ta.

Mamanta, Suzanne, tana tsince yakuwa a tsakar gida. "Ke, kin hana idona hutawa. Zo nan. Me kika yi?"

Sai kuka. Ta faɗi komai, ba ta rage ko kalma ɗaya ba.

Mama ta ajiye faifan. Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma ba ta ɗaga murya ba.

"Sati nawa kina ci da ita?"

"Uku, Mama."

"Ɗaga rigarki in ga kumburin."

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Tukunyar nan da Kaka ba ta yarda a dafa miya a wata sai ita, wa ya gina ta? Matar maƙeri. Ranar da kakanki ya rasu, duk muka tsaya nesa muna kuka. Maƙeri ne ya ɗauke shi a kafaɗa ya kai shi makwancinsa. Sun yi mana aikin da muke tsoro, mu kuma muka saka musu da ƙyama."

"Amma Kaka ta ce..."

"Kakarki ta faɗi abin da aka faɗa mata tana yarinya. Ni ma da shi na tashi. Ran jibin Ubangiji a majami'a, ranar da duk muke sha daga ƙoƙo ɗaya, Zacharie ne a gabana a layi. Ya sha daga ƙoƙon, aka miƙo mini. Na ji ƙyama, ba zan ɓoye miki ba. Sai na tuna Yesu ya ci abinci da waɗanda kowa ke gudu. Ya kama hannun matacciya bai ji ƙyama ba. Na sha."

"Mama, in suka tafi fa?"

"In suka tafi, ke kika kore su. Gobe za mu je."

Ran Juma'a yarinyar ta ga ranar makaranta ta ƙi ƙarewa. Ana kaɗa ƙararrawa ta ruga gida. Ita da Mama suka kama hanyar Rumde Ajiya, unguwar su Clémentine, cikin zafin Garwa, ita a gaba, Mama na cewa ta rage sauri.

Sun tarar an ɗaure kaya. Tabarmi a naɗe, zugazugi da guduma a cikin buhu. Zacharie yana ƙulla igiya. Mama ta gaishe shi. Yarinyar ta durƙusa.

"Baba, ni ce na faɗi maganar. Ku yi haƙuri. Don Allah kada ku tafi."

Zacharie ya ɗago ya dube ta.

"Na yafe miki, 'yata. Amma tafiya tana nan. Na bar dutse don Clémentine ta ci abinci da mutane. Ashe dutsen ya biyo mu har birni."

Ya ci gaba da ƙulla igiyarsa. Ashe ban haƙuri kaɗai ba zai kwance kayan nan ba.

Can matar Zacharie ta sauke tuwon dawa da miyar kuɓewa. Ta zuba wa Clémentine a tsohuwar tasarsu. Sa'an nan ta ciro wata sabuwa fil, wadda ba su taɓa ci a ciki ba, ta zuba wa baƙi. Haka maƙera ke yi a kan dutse, don kada baƙo ya ƙi abincinsu.

Yarinyar ta dubi sabuwar tasa. Ta tashi ta wanke hannu, ta je ta tsuguna gaban Clémentine.

"Kin yarda in ci a taki?"

Clémentine ta bar ta a tsugune har ƙafarta ta fara sanyi, kuma ai ta yi daidai.

"Ba kya tsoron kumburi?" in ji ta daga baya.

"Ina tsoro kaɗan. Amma na fi tsoron ki tafi."

Clémentine ta turo tasar tsakiya. Yarinyar ta yanki loma, ta dangwali miya, ta haɗiye. Ta ƙara. Mama ma ta matsar da sabuwar tasa gefe, ta zauna kusa da matar Zacharie ta sa hannu a tata. Matar ta rufe fuska da gefen zane tana kuka.

Zacharie ya tsaya da igiya a hannu. Can sai ya zauna a kan buhun, ya fara kwance ƙullin.

Ran Litinin yarinyar ta tsaya gaban aji, ta nemi gafara da ƙarfin muryar da ta yi ɓarnar da ita. Malam Gaston ya mayar da sunan Clémentine cikin littafi. Ummi da Yvette suka dawo gindin darbejiya.

Kaka kuwa sati guda tana latsa cikin jikarta kowace safiya. Da ta gaji, sai ta ce, "To, ko dai kumburin ba ya saukowa birni ne." Mama ta yi dariya har da hawaye.

Tun daga ranar yarinyar ta koyi darasi. Allah bai sa mu mu zaɓi wanda ya isa zama kusa da mu ba. Mai bin Yesu ba ya ƙyamar mutum saboda gidan da aka haife shi. In baƙo ya zo, sai ka matsa masa wuri, ku ci tare.