Sallama Uku a Ƙofar Hansatu

Wa ya aike ku? Kai Sagir, a bakin wa ka ji wannan zancen? Yaro bai iya wanke kwanon da ya ci tuwo ba, amma ya iya tambayar abin da ke sa hannun kawunsa rawa in zai buɗe kwamfuta. To, tunda kun tono, ku zauna ku ji. Ummita, kashe fitilar wayar nan, kina haske min ido. Wanda ya yi dariya zai sha maficin nan.

Lokacin kawunku Jazuli yana aiki a wani kamfanin man gyaɗa can hanyar Haɗeja. Shi ke kula da kwamfutocinsu kaf. Ni ban yi boko ba, amma abin ba wani wuya gare shi ba. Kamar gidan haya ne, kowane ma'aikaci da ƙofarsa a cikin na'urar. Ka rubuta sunanka, ka rubuta kalmar sirrinka, ta buɗe maka. In aka rubuta kalmar da ba ita ba har sau uku, sai ƙofar ta datse kanta. Ko mai ita ba ya shiga sai Jazuli ya zo ya buɗe.

Akwai wata Malama Hansatu, mai aikin sikeli. Duk motar da ta kawo gyaɗa sai ta hau sikelin, ita kuma ta shigar da nauyin. Mace ce mai shekaru, mijinta ya rasu, da wannan aikin take riƙe da 'ya'yanta. Tana da wushirya, da wani ɗan tabo a gefen goshi. Ku riƙe wannan.

Rana ɗaya ƙofarta ta fara datsewa. Jazuli ya buɗe, ta datse. Tana tsakiyar aiki sai na'urar ta koro ta waje. Motoci su yi layi har bakin titi, direbobi na danna hon.

"Hajiya, a nan za mu kwana ne? A kawo mana tabarma mana!"

Jazuli ya canza mata kalma. Ta datse. Ya karɓi wayarta ya goge tsohuwar kalmar da ke ciki. Ta datse. Ya sauya mata abin dannawa, wai ko wani harafi ne ya maƙale. Ya tsaya a kanta yana kallon yatsunta, ta rubuta daidai, ta shiga lafiya. Kafin ya koma kujerarsa an kira shi, ta sake datsewa.

Manaja ya gaji. Ya tare shi a gaban sikeli, a gaban direbobi da 'yan dako.

"Jazuli, me ke damun na'urar nan?"

"Ranka ya daɗe, na'ura lafiyarta ƙalau. Shekaru ne. Mama tana mantuwa."

Aka yi dariya. Hansatu ta ɗago ta dube shi.

"Jazuli, ni ce nake mantuwa?"

"Ba laifi ba ne, Mama. Kowa zai tsufa."

Manaja ya ce, "Zuwa Litinin. In abin ya sake faruwa, ki je gida ki huta."

To ga abin da ba wanda ya sani. A bayan tankunan mai akwai wani tsohon sito da aka daina amfani da shi. Tun bara, da manaja ya hana kallon ƙwallo a bakin aiki, Jazuli ya kai wata tsohuwar kwamfuta can ya ɓoye. Babbar na'urarsu kuwa tana rubuta abin da kowa ya kalla. Don kada a ga sunansa, sai ya riƙa shiga da na Hansatu, tunda shi ya yi mata kalmar. Wa zai zargi tsohuwa da ƙwallo? Da kakar baran ta yi, aiki ya yi yawa, sai ya daina zuwa. Ranar ƙarshe ya rufe kwamfutar da buhu, ya dubi ɗakin da ba kowa, ya ce cikin wasa, "To masu gida, ga amana nan. Kada ku bari ƙofar nan ta rufe."

Bayan nan ne kamfani ya sa kowa ya canza kalmarsa.

Ita babbar na'urar tana nuna daga ina aka ƙwanƙwasa. Jazuli ya duba tun makon farko. Ya ga lambar kwamfutar. Ya gane ta, ta siton ce. Amma wutar siton an yanke ta tun damina, da iska ta kayar da falwaya. Abin da ba wuta ya za a yi ya motsa? Sai ya rufe shafin, ya ce kuskure ne.

Hansatu kuwa ta fara canzawa. Ta daina gaisawa da fara'a. A kira sunanta, sai an maimaita kafin ta waigo.

Ranar Juma'a kowa ya tafi masallaci. Jazuli ya ce cikinsa na ciwo. Rana tsaka, lokacin da inuwar mutum ke ɓuya a ƙarƙashin ƙafarsa, ya bi hanyar bayan tankuna shi kaɗai.

Ciyawa ta rufe hanyar. Ba kukan tsuntsu. Ko ƙadangare bai gani ba.

Kwaɗon ƙofar yana nan a kulle, ya yi tsatsa. Makullin yana ƙarƙashin dutsen da ya bar shi. Ya buɗe.

Sanyi ya buge shi. Warin tsohuwar tunkuza. Sai wata ƙara a hankali daga ƙuryar ɗakin.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Gilashin kwamfutar yana haske. Igiyar wutarta na yashe a ƙasa, ɓeraye sun cinye rabinta.

Wani ɗan tsoho na zaune a kan buhu, ya ba shi baya. Da yatsa ɗaya yake dannawa. Ƙura ta yi kauri a daɓen, amma ba sawun kowa sai na Jazuli. Ya dubi ƙafafun tsohon. Suna lilo, ba su taɓa ƙasa ba. Duga-dugan ne a gaba.

Ya daure ya yi sallama.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam, mai amana."

Muryar Hansatu ce. Sak.

"Baba... wane ne kai?"

"Mai gida. Kai ka ce mu riƙe maka ƙofa. Sauran sun ce wasa kake yi. Na ce ɗan Adam ba ya wasa da amana."

Ƙwas. Ƙwas.

"Da kalmar da ka bari nake sallama. An daina amsawa. Sallama uku ce, in ba a amsa ba sai in koma. In na ji an buɗe, in sake dawowa. Ban taɓa yin ta huɗu ba."

"Muryar nan fa?"

"Sunan Hansatu ta biyo. Kullum na kira shi, sai wani abu nata ya biyo shi."

Sai ya juyo. Fuskar tsoho ce, ta yamutse kamar busasshen goro. Amma da ya buɗe baki, ga wushirya. A gefen goshi, ga tabo.

Jazuli ya nemi addu'a a bakinsa ya rasa.

"Ba ni sabuwar kalmar," in ji tsohon. "Ƙofa ba za ta ƙara datsewa ba. Ba wanda zai ji."

Ku ji ni da kyau. Gaskiya ya faɗa. In ya ba shi, Litinin za ta zo lafiya, manaja ya yi shiru, asirin Jazuli ya rufu.

"Ita fa?"

"Za ta ci gaba da aikinta. Sunan ne dai zai ƙarasa dawowa nan."

Jazuli ya buɗe baki. Ya faɗi harafin farko. Eh, ya faɗa. Ɗana ne, ba zan rufa masa ba.

Ƙwas.

Sai idanun tsohon suka juya. Suka zama na Hansatu. Kallon nan da ta yi masa ranar da ta ce, ni ce nake mantuwa? Shi ne a fuskar abin nan, yana jiran harafi na biyu.

Jazuli ya toshe bakinsa da hannu.

"In ban bayar ba fa?"

"Sai mai sunan ta zo ta karɓi abinta da bakinta. Ta kuma san wanda ya ba da shi."

Bai san lokacin da ya fito ba. Takalminsa ɗaya a can ya bar shi.

Ya iso daidai an dawo daga masallaci. Hansatu na kan sallaya a ɗakin sikeli.

"Mama Hansatu!"

Ba ta waigo ba.

"Mama Hansatu! Mama!"

Sai a na uku ta juyo, a hankali, kamar mai tunanin ko da ita ake.

A kan ƙarfen sikelin ya durƙusa, inda motoci ke hawa. Manaja na tsaye, direbobi da 'yan dako sun kewaye shi. Ya faɗi komai: ƙwallon, da sunanta da ya ara, da lambar da ya gani ya rufe ido, da harafin da ya faɗa. Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Hansatu ba ta zage shi ba. Da ma ta zage shi ɗin. Sai ta buɗe tafin hannunta. Ga kalmar sirrin a rubuce da biro, gumi ya jiƙa ta.

"Jiya na ba babbar 'yata makullan gida," ta ce. "Na ce ta fara riƙewa. Na ɗauka hankalina ne ke tafiya, Jazuli. Tunda kai ka faɗa."

Ya sa goshinsa a kan ƙarfen mai zafi, ya kasa ɗagowa.

Ta gyara mayafinta ta nufi bayan tankuna. Maza suka biyo ta daga nesa. A bakin ƙofar siton ta tsaya, ba ta shiga ba.

"Salamu alaikum, masu gida. Ni ce Hansatu. Sunan nan ubana ya yanka rago ya raɗa min, ban ba kowa aro ba. An gode da tsaro. A ba ni abina."



Hasken da ke ciki ya mutu. Sai wata murya ta fito, busasshiya, kamar karan dawa in iska ta kaɗa shi.

"Amana ta koma. Shi kuwa mai ba da amanar, mun ji sunansa."

Daga ranar ƙofar Hansatu ba ta sake datsewa ba. Manaja ya so ya kori Jazuli, ita ta hana. Ta ce a bar shi ya riƙa wucewa ta gaban sikeli kullum safiya yana gaishe ta. Ni da kaina na yafa gyale na je gidanta. Ni, da ko a gaban dagaci ban iya sunkuyar da kai ba, na durƙusa a tsakar gidan matar nan na ce ta yafe min tarbiyyar da ban gama ba.

Shi kuma kawunku an bar masa tsaraba. Har yau, kowace na'ura ce, in ya rubuta sunansa da kalmarsa daidai, sai ta ƙi shi. Ya sake, ta ƙi. Sai a na uku take buɗewa. Bai san ranar da ta ukun za ta ƙi ba, bai kuma san wanda zai amsa masa in ta ƙi ba. Shi ne rawar hannun da kuka gani. Wanda ya kuskura ya tambaye shi, ni da shi ne.

Kada in ji ɗayanku ya bi bayan kango shi kaɗai da rana tsaka. Kada ku yi wa ɗakin da ba kowa magana. Kai kuma Sagir, na san da sunan Ummita kake shiga wayar uwarku in ta hana ka. Gobe da safe ka gaya mata da bakinka.

Ku tashi. A shigo da butar nan, a yi bisimilla kafin a rufe ƙofa. Kowa ya kwanta, kada in ƙara jin motsin kowa.