Mai Ƙirga Uku da Sauri

A wata unguwa a Dutse akwai wata yarinya mai wasan kati. Ita ce ma ta ƙirƙiro wasan. Kwalin sukari take yankawa, ta zana dabbobi a kai. Kullum bayan Islamiyya, a gidansu ƙawayenta suke taruwa.

Dokar wasan ba wuya. Idan aka jefa miki kura, ta cinye katin da ke gabanki, ya zama na mai kurar. Amma idan kika jefa kare kafin a ƙirga uku, kin tsira. Yarinyar ce mai ƙirgawa, tunda tabarmar gidansu ce.

Ana nan sai su Huseina suka dawo unguwar daga Garki. Cikin mako guda Huseina ta iya wasan. Ta zana nata katunan da fensir mai kala. Raƙuminta har gashin ido gare shi.

"Kai, Huseina, don Allah zana mini irinsa!" in ji ƙawarsu Talatu.

Yarinyar ta dubi nata raƙumin, wanda ya fi kama da jaki. Kishi ya cika mata ciki. Ta ga kamar Huseina za ta kwashe mata ƙawaye.

Washegari aka jefa wa Talatu kura. Yarinyar ta ja murya: "Ɗaaaya... biiiyu..." har Talatu ta lalubo karenta.

Da Huseina ta ajiye raƙuminta, sai yarinyar ta jefa masa kura. "Ɗaya biyu uku!" Ta wawure shi.

Ga kare a hannun Huseina, ko ɗaga shi ba ta yi ba. "Ai ba ki ba ni lokaci ba," ta ce, idonta ya cika da ƙwalla.

"Doka ce. Kin makara."

Kwana biyu ba wadda ta leƙo gidan. Duk sun koma gidan su Huseina. Yarinyar ta zauna ita kaɗai da raƙumi mai gashin ido. Kuma raƙumin kwali ba ya hira.

"Umma, Huseina ta raba ni da ƙawayena," ta ce cikin kuka.

Umma ta ajiye tankaɗen da take yi. "Ina madafa ran nan, na ji komai. Ƙirga mini uku yadda kika yi wa Talatu."

Ta ƙirga.

"To, yadda kika yi wa Huseina fa?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Kin gani? Ba ita ta kore su ba," in ji Umma. "Je ki gyara."

Yarinyar ta ɗauki katin raƙumin ta tafi gidan su Huseina. Ta yi sallama, ta miƙa wa Huseina.

"Ki yi haƙuri. Da gangan na yi sauri, don naki ya fi nawa kyau."

Huseina ta yi dariya. "Da kin faɗa, ai da na koya miki."

Talatu ta ce, "Daga yau da tafi za mu ƙirga, mu duka tare."

Da yamma tabarmar gidan yarinyar ta sake cika. Ta gane cewa kishi ba ya tsare ƙawa, korar ta yake yi. Doka kuma sai ta zama iri ɗaya ga kowa ake jin daɗin wasa.