Zomon da Ya Gaji da Farin Gashi

Kun taɓa jin ƙasar da zomo ke sauya riga sau biyu a shekara? Can ƙurewar arewacin duniya take, inda babu bishiya ko ɗaya. Da sanyi ya shigo, ƙanƙara ta rufe ƙasa, sai gashin zomaye ya koma fari fat.

To, a can aka yi wani ɗan zomo gwanin tsalle. Ya yi tsalle, ba wanda ya gani. Ya sake tsalle har da juyi, ba wanda ya gani.

Ya ce, "Inna, ina amfanin tsallen da ba a gani?"

Uwarsa ta ce, "Ɗan nan, rashin ganin nan ne ya kawo ni tsufa."

Bai ji ba. Ya tono jajayen 'ya'yan ciyawa a ƙarƙashin ƙanƙara, ya yi ta birgima a kansu har ya zama ja wur. Zomaye suka taru suna ta dariya, shi kuwa sai ƙara tsalle yake.

Ashe wata ƙatuwar mujiya ma ta hango. Inuwarta na giftawa, kowa ya lafe ya ɓace, sai shi kaɗai kamar manja a farar riga. Ya faɗa cikin ƙanƙara, ya goga jiki, ya goga jiki, ya goga jiki. Mujiya ta kai sura inda ja ya rage, ta tashi da gashin wutsiyarsa kawai.

Uwarsa ta leƙo ta ce, "An gan ka kuwa?"

Yanzu ku shimfiɗa farin ƙyalle, ku ɗora auduga da jan goro, ku ja da baya, ku ga wanne idonku zai fara cafkewa.