Sunan Alinafe a Ƙasan Shafi

A unguwar Chinamwali ta garin Zomba akwai wani matashin malamin firamare, Limbani, da 'yarsa Takondwa mai shekara shida. Matarsa Alinafe ta rasu. Ita ce take haska baitocin waƙa da majigi a bangon majami'a, kuma a ƙasan kowane shafin da ta tsara akwai ɗan rubutu: "Tsarawa: Alinafe." Takondwa ba ta ƙware a karatu ba, amma wannan ta iya shi. Kowace Lahadi shi take zuba wa ido.

Fasto ya miƙa aikin majigin ga Tiyamike, ma'aikaciyar jinya da aka turo garin, wadda ba ta da kowa a nan. Ranar farko majigin ya ƙi kamawa, Limbani ya durƙusa ya gyara wayar.

"Malam, har na'ura ma tsoronka take ji?"

"Ɗalibaina ma ba sa jin tsorona, 'yar'uwa."

Ta yi dariya. Rabon da ya sa wani dariya har ya manta.

Sannu a hankali saƙonni suka fara. "Tiya tawa, kin ci abinci, ko marasa lafiya sun cinye miki rana?" Ita kuma ta amsa: "Na ci, malamina. Ka shafa min kan Takondwa."

Da bikin Ista ya matso, Tiyamike ta buɗe samfurin da Alinafe ta bari, ta zuba sabbin waƙoƙi. Ba ta lura ƙasan sabbin shafukan fayau yake ba. Ana tsakiyar sujada Takondwa ta miƙe.

"Baba, an goge Mama!"

Kaka Nachisale, mahaifiyar marigayiya, ta ja hannun yarinyar suka fita. A bakin ƙofa ta tsayar da Limbani.

"Suruki, tun ba ta shigo gida ba, Tiyamike ta share sunan 'yata. Yarinya tamu ce, ta dangin uwa, kai ma ka sani. Ka auri wannan, in tafi da jikata garinmu, Ntcheu."

Da yamma saƙon Limbani ya shigo wa Tiyamike: "Na san ba da gangan ba ne. Amma ba zan iya rabuwa da Takondwa ba. Ki yi haƙuri da ni." Ta rubuta: "Kada ka rabu da ita. In na raba ku, ni ma ba zan yafe wa kaina ba."

Makonni suka wuce ba sa ko haɗa ido. Ita dai ba ta daina bincike ba. Sunan yana nan a uwar shafin, wato tushen samfurin, ba wanda ya taɓa shi, amma duk sabon shafin da ta buɗe sai ya fito babu shi. Daga baya ta gano cewa sai an shiga wurin rubutun ƙasa, an sa alama a wani ɗan akwati, an umarce shi ya bi dukkan shafuka.

Ta ɗauki kwamfutar majigin ta tafi gidan Limbani. Kaka na tuƙa nsima, tuwonsu na masara, ba ta amsa gaisuwa ba. Tiyamike ta durƙusa a tsakar gida.

"Takondwa, zo ki danna nan. Ke ya kamata ki yi, ba ni ba."

Yarinyar ta danna. Sunan ya fito a ƙarƙashin kowace waƙa. Ta bi shi da yatsa, sannan ta ɗago.

"Anti, in na sake dannawa, ita ma za ta dawo?"

Tiyamike ta girgiza kai, hawaye na zuba. "A'a, 'yata. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Kaka ta ajiye muciya. Ta dubi Tiyamike ta ce, "Tashi daga ƙasa, kya ɓata kayan aikinki. Wanke hannu mu ci."

Bayan girbin masara aka ɗaura auren Limbani da Tiyamike. Kaka ta yi kuka daga farko har ƙarshe, amma ita ce ta haɗa hannayensu ta ce Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya raya abin da aka bar musu.

Takondwa ta zauna a tsakaninsu. Ta gane cewa mamanta ba za ta dawo ba, kuma Tiyamike ba ta zo don ta goge sunan mamanta ba.